Safa Uku a Hagu, Ɗaya a Dama

Kun taso kuna jin ana cewa kakanku ya jefa ɗiyarsa cikin ƙanƙara don kawai a ce yana da 'ya a ƙasar Turawa. Na ji wannan magana a gidan suna, na ji ta a zaman makoki, har na ji ɗayanku yana maimaita ta yana dariya. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don ba halina ba ne. Amma masu faɗar ba sa nan lokacin da aka yi abin, ni kuwa ina nan. Ni na riƙe ƙullin kaya a mota, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa. Saboda haka zan rubuta muku yadda Tantinku Balki ta tafi, da abin da Baba ya yi kafin ya ce ta tafi.

Shekarar ita ce wadda kowa ya sami baki. An gama taron ƙasa, tutocin jam'iyyu sun cika Maraɗi, kowace inuwa da tata, 'yan kabu-kabu sun ɗaura ƙyallaye masu launi a madubin babur. Makaranta kuwa sai dai a ce da ita. Yau malamai na yajin aiki don ba a biya su ba, gobe in sun dawo ɗalibai su fita. Ina kwaleji a lokacin, amma na fi zama gida, a Sabon Gari, ina taya Inna aiki ina kallon mutane. Ban iya magana gaban manya ba, ko gaisuwa sai an sa kunne ake jin tawa. Inna takan ce bakina a idona yake. Baba yana da rumfar yadi a kasuwa, shadda da atamfa da farin yadi, kuma yana taƙama da abu biyu: in ya murza tufa tsakanin yatsunsa ya san asalinta, sannan babu ɗansa ko ɗiyarsa da ya taɓa sa gwanjo. Kayan matattu yake ce musu.

Yaya Balki ita ce babbarmu. Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, da sakamako mai kyau, ta tafi jami'a a Yamai, ta dawo ba ta yi komai ba saboda an fi rufe wurin da buɗe shi. Ana cikin haka ta sami gurbin karatun aikin ruwa a Kanada. An ba ta lokaci ta amsa, in ba ta amsa ba a ba wani. Duk abin da ya rage shi ne yardar Baba, kuma Balki ba mai tafiya ba ce in bai yarda ba. Baba bai ƙi karatun ba. Sanyi yake tsoro. A kasuwa an cika masa kunne: wannan ya ce a can mutum kan taɓa kunnensa ya ji ya karye ya faɗi, wancan ya ce yawu kan daskare kafin ya kai ƙasa. Da Balki ta ce a jefa ƙuri'a a gidan tun da zamani ya zo da haka, sai ya ce taron ƙasa bai iso zaurensa ba tukuna. Sannan ya faɗi maganar da ya tsaya a kanta:

"Ni mai tufa ne. Ba ni aika ɗiyata inda ban san abin da zai rufe ta ba."

Inna ta ɗauki maganar a matsayin aiki. Ta sa Baba ya yanko shadda mafi nauyi a rumfarsa, ta kira mai katifa na unguwarmu ya sheƙe auduga ya cusa tsakanin shadda biyu, ita kuma ta zauna tana bin ta da allura layi-layi har idonta ya yi ja. Ta yi rigar da girma don a sa ta bisa wasu riguna. Da aka gama, in an tsayar da ita a tsakar gida takan ɗan tsaya da kanta kafin ta faɗi. Mu yara muka sa mata suna katifa mai hannu. Inna ta kuma sayo safar auduga masu yawa, ta ce a riƙa sa uku-uku. Baba ya murza rigar ya gyaɗa kai, amma ya ce sai wanda ya taɓa ganin sanyin da idonsa ya duba ta. Aka ba shi labarin wani Mushe Iliya, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, Kirista mutumin Tibiri, malamin gona a fadamar Jiratawa, wanda ya yi karatu a Rasha. Wata safiya muka shiga a-kori-kura, Baba a gaba, ni da Balki a baya. An tafi da ni ne don in riƙe ƙullin.

Mun same shi cikin gonar albasarsa a bakin magudanar ruwa, don shi ma albashi ya daɗe bai zo ba, albasar ce ke riƙe da gidan. Dogo ne, mai furfura a gefen kai, sanye da dogon takalmin roba. Ya kai mu gida, matarsa Madam Rahila ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Aka kwance ƙullin. Ya ɗaga rigar, ya juya ta, ya yabi ɗinkin sosai, ya ce bai taɓa ganin shadda mai kyaunta ba. Sannan ya ajiye ta a hankali ya ce in dai a ɗaki za a zauna da ita babu laifi, amma kada Balki ta yi tafiyar gumi da ita a waje, don auduga in ta sha gumi ba ta sakinsa, kuma a can jiƙaƙƙiyar tufa ita ce ke kashe mutum. Na ga jijiyar wuyan Baba ta motsa. Kamar ka ce wa mahauci bai san nama ba.

Ni hankalina ya rabu biyu. Daga inda nake zaune ina hango cikin ɗaki, kuma a can sama, ƙarƙashin kwano, an rataye waɗansu katakai biyu siraran gaske, sun fi Baba tsawo, bakinsu ya lanƙwashe sama kamar na kwalekwale. Ba ƙyaure ba ne, ba gado ba ne, ba kayan saƙa ba. Ina cikin wannan tunani sai Mushe Iliya ya jawo buta, ya cire takalmin robar don ya wanke laka. Ya ɗan juya mana baya, amma ni a gefe nake. Ƙafarsa ta hagu babu ƙananan yatsu biyu. Wurin ya shafe sumul, ba kamar na kuturta ba, ba kamar saran fartanya ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Mushe, ina yatsunka biyu?"

Balki ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari. Mushe Iliya ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya yi 'yar dariya ya ce suna Rasha, ya bar su jingina. Da ya ga Baba bai yi dariya ba, sai ya juyo da ƙafar fili ya ba da labari. Ya ce a makarantarsu dole kowane ɗalibi ya koyi tafiya bisa waɗancan katakai, siki ake ce musu, a bi daji da su cikin dusar ƙanƙara. A sanyinsa na fari ya sa safar auduga uku da tsohuwarsa ta ƙulla masa daga Tibiri, ya tura ƙafa cikin takalmi da ƙyar. Ya yi ta fama yana faɗuwa, gumi ya jiƙa shi, aka bar shi a baya, ya tsaya yana jira a dawo. Da fari ƙafar ta yi ta suka kamar ƙaya. Can sai ta daina, shi kuma ya yi murna. Ya ce da ya sani, nan ne wurin kuka: in ƙafa ta bar ciwo cikin sanyi, to ta fara mutuwa. Kuma ko an ceto mutum, kada a kai ta wuta ko ruwan zafi, a sa ta a jikin wani ta farfaɗo a hankali.

Balki ta tambaye shi me ya sa, bayan duk wannan, ya ɗauko katakan har Jiratawa. Ya ce don su suka cece shi. Bayan ya fito daga likita ya rantse ba ya ƙara fita, ya zauna a ɗaki, rana na faɗuwa tun kafin la'asar, har ya kama kansa yana hira da bango. Wata tsohuwa mai gadin ƙofar gidan ɗalibai ita ta fitar da shi da faɗa, ta ba shi safar ulu da ta saƙa, ta koya masa sa tufa. Ya ƙirga wa Balki a yatsunsa na hannu. Wadda ke taɓa fata ta zama siririyar ulu ko nailan mai fitar da gumi, bisa ita suwaita, bisa ita 'yar riga marar nauyi mai tare iska, yadda in jiki ya ɗau zafi za a cire ɗaya. Safa ɗaya tak ta ulu, takalmi kuma mai sarari yadda yatsu za su yi rawa. Hula ta rufe kunne. Safar hannu wadda yatsu huɗu ke ɗaki ɗaya ta fi mai ɗaki-ɗaki ɗumi. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce ta fita daga gida tana ɗan jin sanyi, don wanda ya fita yana jin daɗi zai jiƙe kafin ya yi nisa. Ya ƙara da cewa sanyin waje yatsu yake ci, na ɗaki kuwa hankali, saboda haka dole ta fita.

Da ya lura idona bai bar katakan ba, sai ya sauko da su. Cikinsu baƙi ne, yana warin kwalta da hayaƙi, da 'yar kwari siririya daga kai har gindi. Ya haɗa su ciki da ciki, na ga sun taɓa juna a baki da gindi amma tsakiya akwai rata kamar baka. Na ɗauka zafin kwano ne ya tanƙwara su, na faɗa a hankali. Ya ce a'a, nan ne duk dabarar take. In mutum ya raba nauyinsa bisa ƙafa biyu, tsakiyar ba ta taɓa ƙasa, sai ya yi ta sulɓi. In ya taka ɗaya da ƙarfi, tsakiyar ta sauka ta kama, ya tura kansa gaba da taimakon sanduna biyu masu kaiwa hammata. Don haka tsakiyar kaɗai ake shafa wa wani kaki mai sa ta kama ƙanƙara. Ya ce wa Madam Rahila ta kawo tukunya. Ta kawo tana mita, wai mafi kyan tukwanenta ce ya ƙwace tun suna amare. A cikin jiƙaƙƙen rairayi kusa da randa ake binne ta, don kada zafi ya narkar da abin ciki. Waɗansu 'yan gwangwanaye ne kamar na tumatir ƙanana, kore da shuɗi da ja, kowane da kaki mai ƙamshin itacen da ban sani ba. Ya goga shuɗin kaɗan-kaɗan a tsakiyar katakon, ya murje da wani ɗan itace mai laushi irin na toshe kwalba har ya ɓace ya bar ƙyalli. Ya ce shafi siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya, kuma mai tauri ake fara sawa, in bai kama ba a ɗora mai laushi, don mai laushi in ya riga shiga sai an kankare. In an sa mai tauri ranar ɗumi, mutum ya yi ta zamewa baya kamar akuya bisa siminti. In an sa mai laushi ranar tsananin sanyi, ƙanƙara ta liƙe a ƙasa kamar lakar fadama a takalmi. Na tambaye shi yadda ake sanin ranar kowane.

"Ki ɗebi ƙanƙarar ki matse a hannu," in ji shi. "In ta zube kamar gari, shuɗi ko kore. In ta dunƙule kamar dawo, ja."

Duk shekara in Kirsimeti ta zo yakan sauko da su ya shafa, ya kankare, ya mayar. Ni da za a bar ni da na wuni a wurin. Amma Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya yi godiya yadda ya kamata, sannan ya ce:

"Mushe, na ji bakinka, na kuma ga ƙafarka. Bakinka na cewa ta tahi, ƙafarka na cewa ta zamna."

Muna fita Madam Rahila ta tura mini wata tsohuwar safar ulu da 'yar riga da suwaita cikin ƙullin, ta ce in ajiye ko za a so dubawa. Muka hau mota muka dawo gida. Da muka shiga ɗaki Balki ta rufe ƙofa ta ce, shekara da shekaru ba ki magana, sai yau Allah ya buɗe bakin? Daga nan ta daina kula ni. Ta daina cin abincin kirki, tana zama bakin rijiya tana kallon guga. Lokacin da aka ba ta yana ta ƙaratowa.

Kayan na ajiye su bisa buhun gero a zaure, inda Baba ke zama bayan la'asar. Ban ce masa komai ba. Kwanaki suna nan yadda na bar su. Sai wata rana ina shara na ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Na leƙa. Baba ne ya zare zare ɗaya daga safar ya ƙyasta masa ashana yana shinshinawa. Ya zare na auduga ya ƙona, wannan ya ci da wuta ya bar toka. Ya jiƙa safar ulun da ta audugar ya matse, ya ɗaura ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a na hagu, ya zauna gaban fanka ya rufe ido. Ya daɗe haka. Da ya buɗe ido ya gan ni da tsintsiya. Bai kore ni ba. Ya ce in shirya, ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya zauna zan raka shi wani wuri, kuma kada Inna ta ji.

Baba yana da taubashi, Malam Sani mai kifi, ɗan kawunsa ne, ba sa haɗuwa ba su zagi juna ba. Yana da ɗakin sanyi inda yake ajiye katan-katan na daskararren kifi, wani akwatin ƙarfe mai kaurin ƙofa da inji na gurnani a bayansa. A lokacin wuta ba ta da tabbas, sai da muka jira ranar da ta kwana ta wuni ba a ɗauke ba. Ran nan bayan azahar Baba ya rufe rumfa, ya sa farar taguwa, ya ɗora katifa mai hannu a kai. A ƙafar hagu ya sa safar Inna uku ya tura cikin takalminsa na Juma'a. A ta dama ya sa safar Mushe Iliya guda ɗaya cikin wani tsohon takalmi da ya yi masa yawa. Ya ce in mutum biyu suka gwada kowa zai faɗi son ransa, amma ƙafa biyu na mutum ɗaya ba sa yi wa juna ƙarya. Ya ƙi hawa babur, don yana so ya yi gumi yadda aka ce. Haka muka ratsa gari da rana tsaka, shi a gaba yana ɗingishi cikin takalma iri biyu, ni a baya kaina a ƙasa. Masu shaguna suna leƙowa. Wani ya ce Alhaji zazzaɓi ne? Wani ya tambaya ko rigar sabuwar jam'iyya ce. Baba yana ɗaga musu hannu kawai, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Malam Sani ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. Ya ce in Baba ya daskare, kilo-kilo zai sayar da shi, kuma ya san asara zai yi don ba mai sayen tsohon kifi. Baba ya ce ai shi ya sa shi Sani ya yi kwantai. Sannan ya juyo gare ni ya ce ni ce mai ido, in riƙa buɗe ƙofa ina leƙa shi, in na ga abin da ban gane ba in kira Sani.

Na bi shi ciki taku biyu, don ba zan iya haƙura ba. Ban taɓa sanin akwai abu irin wannan a Maraɗi ba. Numfashina ya fito fari kamar hayaƙi, cikin hancina ya ɗaure, 'yan kunnena suka fara cizon kunnen. A jikin bututun bango wani farin abu ya tsiro kamar gashi. Na kankaro shi da farce na matse a tafin hannu, na buɗe, ya zube kamar gari. Na ce, shuɗi. Baba ya yi dariya, farin hayaƙi ya fito daga bakinsa, ya ce in fita in ja ƙofa.

Leƙen fari na same shi yana zagaya katan-katan yana cewa ai daɗi ma ake ji. Na biyu ya tsaya cik, da gangan, don Mushe ma tsayawa ya yi. Ya ce bayansa kamar an manna masa jiƙaƙƙen buhu. Daga baya haɓarsa ta fara kaɗawa, bayan rigar inda gumi ya ratsa ya yi tauri, in ya motsa tana ƙara. Na ce ya fito, ya ce tukuna. Na tambayi ƙafafun. Ya ce ta dama tana nan, ta hagu kuwa kamar ya taka ƙaya. Malam Sani yana can yana ciniki da wata mai tuya. Na jira, na sake buɗewa. Baba na zaune bisa katan, ya ɗan saki fuska.

"Sa'a, ta hagun ma ta yi sauƙi. Ta bar ciwo."

Ban san ina da murya irin wannan ba. Na kira Malam Sani da ƙarfin da har mai tuyar ta saki kwanonta. Ya shiga ya jawo Baba waje, muka zaunar da shi a benci, haƙoransa na haɗuwa. Da ƙyar aka zare takalmin hagu. Safar uku sun jiƙe sun sandare, yatsun sun yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Malam Sani ya mintsini babban yatsan, Baba bai ji ba. Ta dama kuwa da na taɓa, da ɗuminta. Malam Sani ya ce a kawo ruwan zafi daga wurin mai shayi. Na ce a'a, Mushe ya ce jikin mutum. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ɗaga rigarsa ya ɗora ƙafar bisa tumbinsa ya rufe, ya yi ƙara don sanyi, ya ce yau ga ranar da tumbin da ake zagi ya yi amfani. Muna nan har jini ya dawo. Da ya dawo, na ga hawaye a idon Baba don zafi, yana cewa alhamdu lillahi.

Ba a ɓoye wa Inna ba, don Baba ya kwanta da tari da zazzaɓi. Ta yi faɗan da ban taɓa ji ba, tana dama masa kunu tana tambayarsa wa zai riƙe mu da ya mutu cikin kifi. Da ya tashi ya koma, wannan karon da rigar ulu da suwaitar Mushe da wata 'yar rigar ruwa a sama, safar ulu a ƙafa biyu. Ya yi ta zagaya katan-katan yana jan ƙafa yana kaɗa hannu. Ya daɗe fiye da na fari, ya fito yana tambaya ko akwai mai ƙosai kusa.

Washegari mutumin da bai taɓa taɓa gwanjo ba ya tsuguna gaban tulin gwanjo, da ashana a hannu. Duk suwaitar da ya ɗaga sai ya zare zare ya ƙona ya shinshina. 'Yan layinsu na masu yadi suka taso kallo. Ɗaya ya ce, Alhaji, shadda ta ƙare ne? Ya ce ba ta ƙare ba, inda za a ne ba ta da dangi. An daɗe ana yi masa wannan ba'a a kasuwa, har akwai masu kiransa Alhaji Gwanjo a bayan ido. Inna ce abin ya fi yi wa ciwo. Ta ɗauki katifa mai hannu ta ɗora a cinya tana shafa layin ɗinkin, ta ce ashe makashin ɗiyarta ta zauna tana ɗinkawa. Baba ya ce mata ba haka ba ne, rigar gata ce, ƙasar ce ba ta san gata ba. Daga baya ta warware hannuwan ta mayar da ita shimfiɗar jarirai. Dukanku kun kwanta a kanta, shuɗiyar nan mai layi-layi.

Kafin tafiyar mun koma Jiratawa. Mushe Iliya ya baza karan alkama a masussuka, ya ɗaura wa Balki katakan, ta sa wando ƙarƙashin zane, Baba ya zauna ya ba su rabin baya. Ta tura, ta zame, ta zauna daɓas, ta tashi tana dariya da ƙaiƙayi a kallabi. Ita ce dariyarta ta fari tun ranar da na yi tambaya. Da ta gaji ta ce a ɗaura mini. Na yi taku uku, a na ukun na ji ƙasa ta tafi da ni ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Har yau ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma wannan taku ɗaya ina jin sa a gwiwata. Mushe ya ba Balki gwangwanin shuɗi. A hanyar dawowa, cikin ƙarar mota, Baba ya juyo ya ce mata ta tafi, amma kullum ta riƙa motsa yatsunta.

Sauran kun sani. Ta gama karatu, aiki ya riƙe ta, aure ya riƙe ta, zuwa ya zama na ziyara. Ba ta nan ranar da Inna ta rasu, ba ta nan ranar Baba. Tarin nan kuma bai rabu da shi ba, duk lokacin sanyi sai ya dawo. Ko ya taɓa yin da-na-sani, ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Na dai ga yana ajiye hotonta a aljihun gaba, wanda take tsaye bisa katakai cikin farin daji, hula ta rufe kunne.

Zuwanta na fari sai da aka yi shekaru. Gidan ya cika, mata na guɗa, Inna ta rungume ta tana kuka tana cewa ta rame. Baba na zaune a zaure bisa buzunsa, bai tashi ba. Balki ta shiga ta durƙusa za ta gaishe shi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce ta cire takalmi. Ta cire, ta cire safa, ta miƙe ƙafafun bisa tabarma. Idonsa ya riga ya fara rauni a lokacin. Ya sunkuya ya duba, sannan ya waiwaya yana nemana cikin mutane.

"Sa'a, ke ce mai ido. Sun cika?"

Na ce, "Sun cika, Baba."

Ya gyara zama, ya share gemunsa.

"To, Balki. Sannu da zuwa."